Yadda za ka auna ruwan sama a garinku ka gwada shi da lissafin tauraron ɗan'adam

Damina bakwai ke nan ina auna ruwan sama a bayan ajin da nake koyar da labarin ƙasa, a wata ƙaramar sakandare da ke arewa da Kazaure. Maigadin makarantarmu ne ya jefa ni cikin aikin, wani dattijo da ke noman gero a gefen filin ƙwallo. Wata rana a farkon Yuni na nuna masa taswira a waya, an shafa wa yankinmu launin da ke nuna an sami ruwa a kwana goman da suka wuce. Ya duba, ya miƙo mini wayata, ya ce, "Malam, shi wannan tauraron naka, ya taɓa tona ƙasa ya ga inda lema ta tsaya?" Gaskiyarsa. Hadarin ya taso daga gabas, ya yi duhu, ya yi iska, ya je ya zubar a ƙauyukan da ke yamma da mu. Mu ƙura muka sha.

Ban ga laifin taswirar ba bayan na fahimci yadda ake yin ta, kuma wannan ne abin da nake so ka fara sani kafin ka sayi ko da mazurari.

Abin da tauraron yake gani

Tauraron da ya fi yi mana aiki a nan shi ne Meteosat, na ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna EUMETSAT, wadda hedikwatarta ke Darmstadt a Jamus. Yana can sama kimanin kilomita 36,000, daidai kan layin da ya raba duniya biyu, yana juyawa tare da duniya, shi ya sa kullum Afirka ce a gabansa. Tsofaffin taurarin Meteosat suna ɗauko hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuwa duk minti 10. Amma ba ɗigon ruwa yake gani ba. Sanyin saman girgije yake aunawa. Hadarin da ya yi tsawo, kansa ya fi sanyi, kuma irinsa ne ke kawo mana ruwa mai ƙarfi. Sai masana su ƙirga awa nawa girgije mai sanyi ya yi a kan wani wuri, su mayar da awannin milimita. Da me suke mayarwa? Da alƙaluman ma'aunan da ke kafe a ƙasa, waɗanda mutane suka karanta da idonsu shekara da shekaru. Haka TAMSAT na Jami'ar Reading ta Ingila ke yi, lissafinsa ya faro daga 1983. CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka shi ma yana gauraya hoton sama da rahoton tashoshin ƙasa, daga 1981.

To ka ga, inda ma'aunan ƙasa suka yi ƙaranci, lissafin sama sai ya koma kintace. Kuma Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin da ke aika rahoto a kan kari. Wannan yana damuna ƙwarai, don da irin waɗannan taswirori ake hasashen inda za a yi fari, inda za a kai agajin abinci, har da inshorar manoma a wasu ƙasashe.

Babu ƙasar da za ta iya wannan aiki ita kaɗai, don hadari ba ya tsayawa a bakin iyaka: wanda zai zubar a Daura yau, wataƙila jiya yana kan Chadi. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, da aka kafa a 1950, ita ce ta sa ƙasashe suka amince da awo iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, kuma tun 1963 take da tsarin da tashoshin duniya ke musayar rahoto kullum. A 2021 ƙasashen suka sabunta alkawarin ba da muhimman bayanai kyauta. A 2005 aka kafa GEO, inda gwamnatoci sama da 100 ke ƙoƙarin haɗa abin da taurari ke gani da abin da ake aunawa a ƙasa da teku. Mu namu na kusa yana Yamai: cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma, wadda aka buɗe a 1974 bayan farin da ya ɗaiɗaita Sahel, a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari da ƙasashen Sahel suka kafa a 1973. A Yamai ɗin kuma ACMAD take, cibiyar yanayi mai hidimar Afirka baki ɗaya. Amfanin sanin wannan gare ka ɗaya ne: in kana so littafinka ya yi magana da nasu, dole ka auna yadda suke aunawa.

Ma'aunin kansa

In kana da halin sayen ma'auni na gaske mai zanen milimita, saya, ya fi. A Nijar da Mali akwai na roba mai sauƙin kuɗi da ake raba wa manoma. In babu, haɗa naka, ba abin kunya ba ne muddin lissafin ya fita daidai.

Nemi mazurari mai bakin da'ira sosai, wanda bai lanƙwashe ba, da jarka ko kwalba mai ƙaramin baki da zai zauna a kai daram. Ƙaramin bakin yana hana rana shanye ruwan kafin ka zo. Auna faɗin bakin mazurarin daga ciki zuwa ciki. Ina ba da shawarar ka zaga kasuwa da rula a aljihu har ka samu mai santimita 16, ga dalili. Rabin 16 shi ne 8. Ka ninka 8 sau 8, sannan sau 3.14, za ka samu 201, wato kusan murabba'in santimita 200. Da irin wannan baki, duk mililita 20 na ruwan da ya taru milimita 1 ne na ruwan sama. Sai ka je kemis ka sayi sirinji mai mililita 20: cikinsa ɗaya, milimita ɗaya. Yaro ɗan aji ɗaya ma zai iya. Ranar da aka tafka ruwa, sirinji zai gajiyar da kai, sai ka yi amfani da kwalbar shayar da jarirai mai zane a jiki. Mililita 250 milimita 12.5 ke nan.

In mazurarinka ba 16 ba ne, ƙa'idar ita ce: mililitan da ka samu, ka ninka sau 10, ka raba da murabba'in santimitan filin bakin, wanda za ka fitar kamar yadda muka fitar da 201 a sama. Rubuta wannan a bangon littafin, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Kada ka yanke gorar ruwa ka manna mata rula. Gindinta ba shafaffe ba ne, jikinta kuma yana lotsawa. Na gwada a shekarar farko, ban ji daɗin abin da na samu ba.

Milimita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, lita 10,000 a kan hekta guda. Ɗalibaina sukan yi shiru in na ce ruwan milimita 20 ya zuba wa hekta ɗaya lita 200,000, su da suka san wahalar jan guga.

Inda za ka kafa shi

Nan mutane suka fi yin kuskure. Fili kake nema, nesa da gini da bishiya. Tazarar ta kai aƙalla ninki biyu na tsawon abin da ke kusa, ninki huɗu ya fi. In darbejiyar makarantarku ta kai mita 8, to ka ja baya mita 16 ko 32 in da wuri. Ka fi kula da ɓangaren gabas, tunda daga can hadarinmu ke zuwa da iska, kuma katanga a wannan gefen za ta tare maka ruwa ba ka sani ba. Kada ka ɗora a kan rufi. Iskar sama tana kwashe ɗigon ta wuce da shi.

Kafa turke mai ƙarfi, bakin mazurarin ya kasance kamar mita ɗaya daga ƙasa, ya kuma ɗara kan turken don kada ruwa ya fantsamo ciki. Bakin ya kwanta daidai, ba karkace ba. Aro ma'aunin magina, ko ka ɗora faranti da ruwa ka ga ko ya taru gefe guda. Ka zagaye shi da ƙaya saboda awaki, amma shingen kada ya kai tsawon ma'aunin.

Sannan ka tsaya a gindinsa da waya ka ɗauki lambobin wurin, na arewa da na gabas. Birnin Kano, alal misali, yana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas; naka ka rubuta shi da lamba huɗu bayan ɗigo. Ɗauki hoto ta gabas, yamma, kudu da arewa. A shafin farko ka rubuta ranar kafawa, faɗin mazurari, tsawon turke da sunan mai karantawa. Duk ranar da ka matsar da shi ko ka canza mazurari, rubuta. Masanin da zai karɓi alƙalumanka, wannan shafin zai fara dubawa.

Ƙarfe bakwai na safe, kullum

Tashoshin duniya da agogon GMT suke aiki, kuma ƙarfe 6 na safe na cikin manyan lokutan rahotonsu. A Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi ƙarfe 7 ke nan, a Gana ƙarfe 6. Ni shi na zaɓa, don ya zo daidai da shigowata makaranta, kuma rana ba ta fara zafi ba. In hukumar yanayi ta ƙasarku ta ba ka wani lokaci, bi nata. Abin da ba a so shi ne yau bakwai, gobe goma, jibi bayan azahar.

Ruwan da ka tarar da safiyar Talata, a layin Litinin za ka rubuta shi, domin mafi yawan awa 24 ɗin na Litinin ne. Wannan ƙaramin abu ya rikita mini lissafin wata guda cur: ina ganin tauraro ya ce an yi ruwa ranar 14, ni kuma littafina ya ce 15, ashe ruwa ɗaya muke nufi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Abu uku ne daban, kuma kowanne da alamarsa. In ka je ka duba ba ka tarar da komai ba, rubuta 0. In an yi yayyafin da bai isa a auna ba, rubuta "ɗigo". In ba ka je ba, ko akuya ta ture jarkar, ja layi ka rubuta dalili. Kada ka taɓa sa sifiri a ranar da ba a duba ba. Sifiri shaida ce cewa mutum ya tsaya a wurin ya ga ba a yi ruwa ba, kuma darajarsa ɗaya da ta milimita 50, don da jerin sifiri ake gane tsawon fari. Wata shekara rasuwa ta kai ni gida kwana tara, na bar wa wani ɗalibi littafin. Da na dawo na tarar da sifiri tara a jere, alhali gari ya jiƙe sharkaf. Bai yi da mugunta ba. Ya ga gurbi ne ya ji kunyar barinsa fayau. Na soke kwanakin, na zaunar da ajin gaba ɗaya na yi musu bayani, kuma har yau duk sabon ɗalibi da wannan darasin yake farawa. In kwana biyu ko uku suka taru a jarka, rubuta jimlar, ka nuna kwanakin da ta ƙunsa, kada ka raba ta da ka.

Bar gurbi a gefe don abin da ido ya gani: lokacin da ruwan ya sauko, ko da iska, ko da ƙanƙara, ranar da aka fita shuka, ranar da gero ya fara yaushi, ranar da ya fitar da kai. Tauraro ba ya sanin ranar da mutanen gari suka yi binne suna jiran ruwa.

Tara shi kwana goma-goma

AGRHYMET da hukumomin ƙasashen Sahel suna raba wata gida uku: 1 zuwa 10, 11 zuwa 20, 21 zuwa ƙarshen wata. Kai ma haka za ka tara, don rahotanninsu da taswirorinsu a kan wannan tsarin suke fitowa.

Da wannan littafin kana iya fitar da ranar da damina ta kankama a garinku. Akwai ƙa'idar da wani masani, Sivakumar, ya fitar a 1988 lokacin yana aiki da cibiyar ICRISAT a Nijar: daga 1 ga Mayu, ranar da ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, muddin ba a sami fashin da ya wuce kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Sashen ƙarshen nan shi ne ke bambanta ruwan shuka na gaskiya da wanda ke yaudarar manomi ya zuba iri ya ƙone. Sai ka gwada ranar da ka samu da hasashen da NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta.

Gwada naka da na sama

Wannan sashen yana buƙatar intanet, kuma kwamfuta ta fi waya sauƙi. A shafin TAMSAT akwai inda za ka sa lambobin wurinka da kwanakin da kake so, ya ba ka jerin alƙaluma kyauta. Don ganin hadarin da idonka, shafin EUMETView na nuna hotunan Meteosat. Ranar da aka yi babban ruwa, buɗe wa yara su ga yadda girgijen ya keto daga gabas. Akwai kuma IMERG, na shirin GPM da Amurka da Japan suka harba tauraronsa a Fabrairu 2014, mai ba da lissafi duk rabin awa.

Ja layi uku a takarda: kwanakin, naka, nasu. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci da rana ɗaya. Kowane gida a taswirar TAMSAT kusan kilomita 4 ne ta kowane gefe, wato hekta 1,600, na CHIRPS kusan 5, na IMERG kusan 10. Kai kuma bakin mazurarinka bai fi faifai ba. Lambarsu matsakaicin wannan fili ne duka, kuma kowa ya san a ƙasarmu ana iya yin ruwa a wannan unguwa a bar waccan. Saboda haka a rana guda za ku saɓa sau da yawa. A kwana goma za ku matso kusa. A wata guda ko damina sukutum, nan ne za ka ga halin lissafin nasu a yankinku.

Abin da ni na lura da shi a wurinmu: a farkon damina, Mayu da Yuni, sama takan ce an yi ruwa mu ba mu gani ba. Girgijen na nan, sanyinsa na nan, amma iskar ƙasa a bushe take, ɗigon yakan ƙafe kafin ya iso. Ranar da kuma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a cikin marka, nasu yakan gaza nawa, don an baje shi a kan fili mai faɗi. Wannan na gonarmu ne. Naka zai iya bambanta, kuma gano bambancin shi ne ribar aikin.

Ka ƙirga abu huɗu a ƙarshen wata: ranakun da ku biyu kuka ce an yi, ranakun da kuka ce ba a yi ba, waɗanda su suka ce an yi kai ba ka gani ba, da waɗanda ka auna su ba su gani ba. Ɗalibai suna son wannan ƙirga fiye da duk wani aikin lissafi da na taɓa ba su.

Ina za ka kai shi

Kada in ruɗe ka: littafinka ba zai shiga lissafin duniya kai tsaye ba. Hanyar ta hukumar yanayi ta ƙasa take bi, ita ce ke tantancewa ta aika. A Najeriya NiMet ce, tana da tashoshi a filayen jiragen sama da ofisoshi a jihohi. A Nijar hukumar yanayi ta ƙasa da ke Yamai, wadda ta daɗe tana karɓar rahoton ƙananan ma'aunan karkara. Kwafe shafin farko da jadawalin damina guda cikakkiya, ka kai musu, ka roƙi su zo su ga wurin ko su gyara maka abin da ka kuskure. Ka ba malamin gona na yankinku kwafi, ka ba mai unguwa. Littafin asali kuwa kada ya bar hannunka, kuma duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafin, saboda gara da ɗigar rufi.

In kana son abin da ke haɗuwa da tauraro nan take, akwai manhajar GLOBE Observer. Za ka ɗauki hoton sararin sama, ka faɗi irin girgijen da yawansa. In lokacin ya zo daidai da na hoton tauraro, NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, takan turo maka abin da shi ya gani daga sama ka gwada da naka. Yana da amfani har da hunturu, lokacin da ƙurar kwarin Bodele na Chadi ke rufe mu, don daga sama ba kullum ake bambance hazo da siririn girgije cikin sauƙi ba.

Matsalar ƙarshe ta mu malaman makaranta ce: dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar marka, daga ƙarshen Yuli har cikin Satumba, daidai lokacin da aka fi samun ruwa. Littafin da ba shi da Agusta bai cika littafi ba. Tun kafin a tashi hutu ka nemi wanda ke kwana kusa da wurin, ka koya masa, ka tsaya a kansa sati biyu yana yi kana gani. Ni maigadin nan na samu. Na ce, "Baba, ko za ka riƙe mini wannan in mun tafi?" Ya ce in dai sirinji ne da ƙirga, ba shi da matsala, amma shi da ajami zai rubuta. Na ja masa layuka a wani littafi daban, na rataya masa sirinjin a ƙusa cikin ɗakin gadi. Idan ya dawo daga masallaci ya gama lazimi, sai ya jira rediyonsa ta ce bakwai ta yi, ya je ya zuƙe jarkar, ya rubuta, ya kife ta ta tsane, ya mayar da mazurarin. Ran da muka koma makaranta mukan zauna a benci a ƙofar ɗakinsa, yana karantowa ina kwafewa, kuma a gefen kowace lamba yakan ƙara nasa: ko lemar ta kai kamu ɗaya, ko ta haɗe da ta ƙasa.